Rufin gida a ƙasashen Sahel: yadda ake rage zafi da yoyo da kuɗin wuta

A Yamai da Maraɗi da Tawa, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Mafi yawan zafin da ke shiga ɗaki ta sama yake shiga, shi ya sa mai son gyara gidansa ya fi dacewa ya fara da rufi kafin ya sayi na'urar sanyaya ɗaki.

Rufin kwano, wanda ake kira tol a Nijar, ya yaɗu saboda arha da saurin kafawa. Aibinsa shi ne yana ɗaukar zafi nan da nan ya sauke shi kan mutanen ɗaki, musamman idan ya yi tsatsa ya yi duhu. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a wanke shi a shafa masa farin fenti, domin fari yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana. Sai dai ƙurar hunturu tana dusashe farin, dole a riƙa wankewa. Na biyu shi ne silin: a bar tazara tsakaninsa da kwanon, a kuma huda ƙananan kafofi a saman bango, a sa musu raga, don iska mai zafi ta samu mafita. Silin da aka rufe ruf babu kafa tara zafi yake yi, ya riƙa sakinsa har cikin dare.

Soron ƙasa ya fi kwano sanyi nesa ba kusa ba, saboda kaurinsa yana jinkirta zafi na tsawon sa'o'i. Matsalarsa ita ce azara, tunda giginya ta yi ƙaranci kuma ta yi tsada. Wannan ne ya sa tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Cikal, a yankin Filinge, ginin da babu itace, wato a rufe ɗaki da baka ko kubba ta tubalin ƙasa zalla. A Burkina Faso ma, ƙungiyar La Voûte Nubienne tana yaɗa irin wannan rufi. Aiki ne na maginin da ya koya, ba na gwaji ba ne, don idan bangon da ke ɗauke da bakan bai yi kauri ba yana iya buɗewa.

Abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. A daminar 2024 gidaje da yawa sun rushe a Nijar, har da tsohon masallacin Birni na Damagaram da ya faɗi a watan Satumba. Hadari a wannan yanki galibi daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne ya fi zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe kafin ruwan farko. A share indararo, a tabbatar yana zubar da ruwa nesa da bango, a yi dakali ko a tuda ƙasa a gindin gini don kada ruwa ya kwanta. Mutane da yawa suna lulluɓe bangon ƙasa da siminti, amma sau da yawa simintin yakan tsage, ruwa ya shige bayansa ya ci ƙasar ba tare da an gani ba. Tsofaffin magina da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a sabunta ta lokaci-lokaci.

Tagar yamma ita ce ke shigo da ranar la'asar. Rumfar zana ko bishiyar dogon yaro a gabanta tana tare ta, muddin ba a dasa bishiyar dab da bango ba. Ƙwan LED kuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke ci, kuma ba ya ɗumama ɗaki, abin da ke bayyana a takardar kuɗin Nigelec a ƙarshen wata.