Wasan maciji na wayar Nokia

Wasan maciji, wato Snake, ya fara fitowa ne a wayar Nokia 6110 a shekarar 1997. Wani injiniya ɗan ƙasar Finland, Taneli Armanto, shi ne ya tsara shi.

Macijin kan ƙara tsawo duk sa'ad da ya ci abinci, wasa kuma ya ƙare da zarar ya ciji jikinsa.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo na jihar Kano, inda kwamfuta ba ta shiga gidaje sosai ba, yara da dama a Nokia 3310 suka fara sanin irin wannan wasa, galibi a wayar wani babba idan ya yi sake da ita.

A 2017 kamfanin HMD Global ya sake fito da 3310 ɗauke da wasan, domin masu begen wancan zamani.