Théodore Monod da Gadon da Ya Bari a Nijar

An haifi Théodore Monod a birnin Rouen na ƙasar Faransa cikin shekarar 1902, ya kuma rasu a 2000. Masanin halittu ne. Da nazarin kifaye ya soma, daga baya ya karkata ga Sahara, wadda ya yi ta ratsawa a ƙasa da kuma bisa raƙumi, yana tattara tsirrai da duwatsu. A 1927, a Asselar ta ƙasar Mali ta yanzu, shi da abokin tafiyarsa suka gano ƙasusuwan wani mutum na zamanin da.

A 1936 Gwamna Jules Brévié, wanda ya taɓa mulkin Nijar, ya kafa cibiyar bincike ta IFAN a Dakar. Monod ya riƙe ta daga 1938 zuwa 1965, tare da gidan tarihinta, wanda aka sa wa sunansa a 2007. Ko da yake cibiya ce ta ƴan mulkin mallaka, mujallarta Notes Africaines ta buga rubuce-rubucen malaman makaranta ƴan ƙasa.

Reshen IFAN na Yamai, wanda aka buɗe a 1944, shi ne asalin cibiyar IRSH. Bubu Hama ya shugabance shi, kuma daga nan ne Gidan Tarihin Ƙasa ya samu a 1959, a hannun Pablo Toucet. Haka nan, cikin jerin littattafan wannan reshe, Études Nigériennes, aka buga ayyukan Djibo Hamani da Nicole Echard kan tarihin Adar a 1975.

Sai dai da Faransanci aka rubuta wannan ilimi, alhali manoman Bambeye da na kewayen Tawa su ne suka san anza, wadda ƴaƴanta ke ceton rai lokacin yunwa, da gawo mai ƙara wa gona ƙarfi. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dama, kuma idan itace ya ɓace, sunansa kan bi shi. Saboda haka ya wajaba ga masu tsara yaƙi da jahilci su ɗauki hanyar Monod ta tattarawa da adanawa, su rubuta sunayen tsirran Adar da amfaninsu daga bakin dattawa, da Adaranci, su sa su cikin littattafan karatun manya.