Daga Ƙafa Zuwa Kafa: Tarihin Sada Zumunci a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Gabatarwa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A yau kuma Facebook da WhatsApp da ire-irensu muna kiran su kafofin sada zumunta. Ɗalibin Hausa zai lura cewa a rubuce lanƙwasa ɗaya ce ta raba ƙafa da kafa, amma a ma'ana sun yi hannun riga. Ƙafa ita ke kai mutum ƙofar ɗan'uwansa, kafa kuwa 'yar ɓula ce da ake leƙe ko zura saƙo ta cikinta. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda zumunci ya tashi daga ta farko ya koma ta biyu a tsakanin Hausawan Sudan, da abin da hakan ya haifar.

Al'ummar da Tafiya ta Haifa

Tun ƙarnoni da suka shuɗe maniyyata daga ƙasar Hausa ke ratsa Sudan zuwa Makka. Ƙaura mafi shahara ita ce wadda ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a, Fulani da Hausawa, suka nausa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun audugar Jazira, sai aikin gona ya tsayar da ɗimbin matafiya. Mutum zai yada zango da niyyar tara guzurin shekara guda, sai ya wayi gari da jikoki. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan waɗannan ƙauyuka, ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a can suna ɗaukar kansu a matsayin mahajjatan da ke kan hanya.

A wancan zamani labarin gida a bakin baƙo yake. Ayarin da ya taso daga Kano ya bi ta Barno da Wadai da Darfur shi ke ɗauke da saƙon baka da wasiƙun ajami. Sai an sauke baƙo, an ba shi ruwa da tuwo, sannan a ji wa ya rasu, wa ya yi aure. Ke nan samun labari da karɓar baƙo abu guda ne, ba mai samun ɗaya ba tare da ɗaya ba.

Zamanin Rediyo da Kaset

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗauke maniyyata kai tsaye zuwa Jidda, ayarin ƙasa ya riƙa raguwa, masu kawo labari suka ƙaranta. A daidai lokacin ne Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, a watan Maris na 1957. Daga baya kaset ya zo da waƙoƙi da wa'azi. Abin lura shi ne waɗannan na'urori ba su tarwatsa majalisa ba. Rediyo ɗaya kan tara mutum goma a ƙofar gida, a saurara tare, a yi sharhi tare.

Zuwan Wayar Hannu

Kamfanin Mobitel, wanda yanzu ake kira Zain, ya fara aikin wayar salula a Sudan a 1997, daga baya MTN da Sudani suka biyo baya. Da wayoyi masu intanet suka yawaita, sai aka samu alheri wanda ba a musantawa: dangin da suka yi shekaru ba su ji ɗuriyar juna ba suka haɗu, finafinan Kano suka shiga ɗakunan Jazira. Akwai kuma riba ta fuskar harshe. Tun a 1999 Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke rusunawa ga Larabci. Da yake da Larabci ake karatun makaranta, saƙon rubutu yakan tafi da Larabci, amma saƙon murya ya bai wa Hausar baka sabuwar hanya.

Sai dai waya ta bambanta da rediyo ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ta mutum ɗaya ce. Ana zaune a tabarma guda, kowa da duniyarsa a tafin hannu. Gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, waɗanda dā sai an taka, yanzu ana iya sallamar su da saƙon daƙiƙa talatin. Na nesa ya matso, na kusa ya yi nisa.

Kafar da ke isar da gaisuwa ita ce kuma ke isar da gaba. A rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya taso kan ƙasar noma da neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi, kalaman ƙiyayya a kafofin sadarwa sun ƙara wa wutar iska. Rikicin ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. Maƙwabtan da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya sun riƙa jin labarin juna daga bakin waɗanda ba su taɓa gani ba.

Ranar da Kafa ta Toshe

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 shi ya fallasa zurfin dogaron. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sannan a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. Ba hira kaɗai ta yanke ba. Manhajar Bankak, wadda jama'a ke karɓar kuɗin 'yan'uwa ta cikinta, ta zama ba ta da amfani in babu intanet. Mutane suka koma biyan kuɗi don ɗan zama kusa da na'urar Starlink, ko kuma su aika mai ƙafa ya dubo musu dangi a wani ƙauye, kamar yadda kakanninsu suka yi. Wanda ya sami tuwon dare a waɗannan watanni, sau da yawa daga hannun maƙwabci ya same shi. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025.

Kammalawa

Tarihin nan bai ce a jefar da waya ba, domin ta ceci rayuka, ta kuma haɗa zuri'ar da Burmi ta raba. Abin da ya nuna shi ne kafa a hannun wani take: kamfani ko mai bindiga na iya toshe ta a dare ɗaya. Ƙafa kuwa ta mai ita ce. Al'ummar da ta bar ziyara ta mutu saboda saƙo ya wadatar, ranar da layi ya ɗauke za ta nemi ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ta rasa.