Jiri

jìrī *sn., nj.* (ba shi da jam'i)

1. Jin kamar ƙasa na juyawa da mutum alhali yana tsaye ko zaune: *~ ya ɗebe shi.*

2. *lik.* *~n juya kai*: gajeren jiri mai tsanani, galibi ƙasa da minti 1, wanda ke tasowa yayin kwanciya, juyi a shimfiɗa ko ɗaga kai, saboda ƙananan ƙwayoyin alli na can cikin kunne sun kauce daga mazauninsu sun faɗa kewayayyun bututun da ke kula da daidaiton jiki. Ana gane shi da gwajin Dix-Hallpike (1952), inda likita ke kwantar da majinyaci da sauri, kai a karkace, yana duban rawar ƙwayar ido. Maganinsa dabarar Epley ce, wato juya kai daki-daki har ƙwayoyin su koma gurbinsu, kuma ta fi shan magani amfani.

*Siff.* mai ~. *Dubi* hajijiya, juwa.