Shin hargitsi yana manta asalinsa? Tarihin wata gardama ta masana

Ka zuba ruwa a galan, ka ɗora man gyaɗa a kai, ka sa a bayan mota daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari. Mai yana sama, ruwa yana ƙasa, kowa na wurinsa. Da taya ta faɗa rami sai iyakar da ke tsakaninsu ta karkace, wani ya kutsa cikin wani. To, maimakon rami, ƙaddara bugun fashewa ne mai gudun da ya fi na sauti ya ratsa tsakanin iska mai nauyi da maras nauyi. Nan labarinmu yake.

Robert Richtmyer ne ya fara lissafa abin a Los Alamos ta Amurka a 1954, aka buga aikin a 1960. Ya nuna cewa ɗan lanƙwasar da ke kan iyakar, kome ƙanƙantarta, bugun zai sa ta girma. A can Tarayyar Sobiyat kuma, a garin sirri na Arzamas-16, Evgeny Meshkov ya gwada a zahiri, ya buga a 1969. Ya ga abin yana faruwa ko ta wane ɓangare bugun ya fito. Kada ka sha mamakin inda mutanen biyu suke aiki: duk wuraren ƙera makamin nukiliya ne.

Sai dai akwai matsala. Ta yaya za ka raba iska biyu kafin bugun ya iso? Meshkov ya sa wata 'yar fata siririya a tsakani. Girman da aka auna ya gaza na lissafi, kuma shekaru da dama ana zargin fatar, domin tarkacenta na shiga cikin cakuɗar. Sai a 1997 Jones da Jacobs a Jami'ar Arizona suka samar da iyaka ba tare da fata ba, awo ya matso kusa da lissafi. Wato abin da aka ɗauka shinge ne kawai, ashe da shi ake damawa.

Fatan da aka daɗe ana yi shi ne, idan cakuɗa ta yi nisa ta zama hargitsi, za ta manta yadda ta fara, a samu doka ɗaya da za ta yi wa kowa. Da haka ne, da an huta. Amma a 2010 Ben Thornber da abokan aikinsa suka gwada a kwamfuta da mafari iri biyu. Idan lanƙwasar farko duk gajeru ne, lokaci ya ninka sau 16, faɗin cakuɗar sau biyu kawai yake ninkawa. Idan kuwa akwai dogaye a haɗe, yana haura sau biyar. Dalili? Gajerun sukan girma da wuri su gaji, dogayen kuma suna tafe a hankali, suna karɓar ragama ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan ne ya karya wancan fata.

Za ka ce me ya shafe ka. A cibiyar NIF ta Kalifoniya ana harba hasken leza 192 domin a matse wani ƙwanso mai faɗin kusan milimita 2, a haɗe ƙwayoyin zarra a samu makamashi. Shekaru ana faɗuwa, kuma cikin dalilan har da bututun da ake ɗura mai ta cikinsa da 'yar fatar da ke riƙe ƙwanson: tabon da suke bari shi ke girma, ya cusa ɓawo mai sanyi cikin tsakiya mai zafi, wuta ta mutu. Aka rage kaurin bututun daga maikiron 10 zuwa 2, aka ƙara goge ƙwanson, aka ƙara ƙarfin leza. Ranar 5 ga Disamba 2022 aka zuba megajul 2.05, aka samu 3.15.