Ɗan Wasa Mai Bayyana Addininsa a Idon Al'umma: Waiwaye daga Fagen Dambe zuwa Gidan Kallo

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Kangire, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, ya san sowa iri biyu ce: akwai ta cin ƙwallo, akwai kuma wadda ke biyo baya idan wanda ya ci ya faɗi ya yi sujada. Ta biyun kan haɗa har da magoya bayan ƙungiyar da aka ci. Wannan maƙala tana bibiyar tarihin sowa ta biyu, tana kuma auna ta da mizanin shari'a.

Asalin motsa jiki halal ne. Abu Dawud ya ruwaito tseren Manzon Allah (SAW) da Nana A'isha (RA) da kokawarsa da Rukana; Bukhari ya kawo sukuwar dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i; Ibnul Ƙayyim kuma ya keɓe wa babin littafi guda, Al-Furusiyya. Sai dai a ƙasar Hausa ɗan wasa ya daɗe nesa da buzun malamai. Dambe ya yi kaurin suna a matsayin wasan rundawa, ana yin sa da kaka, da kalangu da kirari, da layu a damtse. Malamai ba su ƙi ƙarfin jiki ba. Abin da suka ƙyamata shi ne dukan fuska, da cakuɗuwar maza da mata, da dogaro da asiri. Jama'a na sha'awar jarumtar Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe, amma ba wanda ya ɗauke shi wakilin addini. Da tamaula ta shigo ta makarantun Turawa, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sai ta gaji zargin da ake yi wa boko.

Sauyin ya zo ne daga waje, ta rediyo da jarida. A 1964 Cassius Clay ya doke Sonny Liston, ya bayyana musuluntarsa, ya koma Muhammad Ali, a shekarar kuma ya ziyarci Nijeriya. A 1967 ya ƙi shiga yaƙin Biyetnam bisa hujjar addini, aka ƙwace kambunsa, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke masa. Amurkawa da yawa sun ƙi shi saboda sunan da ya sa Musulmin duniya suka so shi. Abin lura ga ɗalibin aƙida shi ne, a wancan lokaci Ali yana cikin ƙungiyar Elijah Muhammad, wadda koyarwarta ta saɓa wa tauhidi da cikar annabci, kuma bai koma tafarkin Sunna ba sai a 1975. Ke nan soyayyar ta riga binciken aƙida: suna da tsayuwa gaban mai ƙarfi su suka jawo ta.

Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ƙara wani darasi. Yana buga ƙwallon kwando da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, wanda ya dace da Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata na gasar NBA. Amurka ta yaba masa. Shekara guda bayan haka aka dakatar da Mahmoud Abdul-Rauf don ya ƙi miƙewa lokacin taken ƙasa. Ibadar da ba ta taɓa alamar ƙasa ba an karɓe ta, wadda ta taɓa kuwa an hukunta mai ita.

Haka abin yake a Turai. Wani nazari na masana a Jami'ar Stanford, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna laifukan ƙiyayya a yankin Liverpool sun ragu da kashi 16 cikin ɗari bayan zuwan Mohamed Salah a 2017, kalaman ƙin Musulmi na magoya bayan ƙungiyar a Twitter kuma sun ragu da rabi. Wannan alheri ne. Amma Mesut Özil, wanda ya ɗaga kofin duniya da Jamus a 2014, ya bar tawagar a 2018 yana kukan cewa Bajamushe ne shi ranar nasara, baƙo ranar faɗuwa. Karɓuwar da aka rataya a kan cin ƙwallo tana iya tsinkewa ranar da ƙafa ta gaza.

Kafin mu zargi wasu, ya kamata mu dubi gida. Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana Kano Pillars, ya zura biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ta Aisland a 2018. Musulmi ne da ba ya ɓoye addininsa, mahaifiyarsa kuwa Kirista ce 'yar Jihar Edo. Ranar nasara kowane ɓangare kan ce nasa ne. Shi ma Salah, da muke wa kabbara saboda sujada, duk shekarar da ya sa hoton iyalinsa kusa da bishiyar Kirsimeti sai wasu daga cikinmu su yi masa ca, har a kai ga kafirtawa. Hukuncin aikin mas'ala ce da malamai suka tattauna, nasiha kuma wajibi ce; fitar da mutum daga Musulunci kuwa yana da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi, ba aikin 'yan kallo ba ne. Mun mai da ɗan wasa tuta: mu ɗaga shi idan ya faranta mana, mu yar da shi idan ya saɓa. Wannan shi ne sharaɗin da muke kuka da shi a kan Jamusawa, lafazi ne kawai ya bambanta.

Abubuwa uku ke fitowa daga wannan tarihi. Na farko, sujada a fili alama ce ta zahiri. Muna kyautata zato, niyya kuma Allah ne masaninta. Na biyu, shahara ba ijaza ba ce: ɗan wasa yana iya zama abin koyi a juriya da kyauta, kamar Sadio Mané da ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali, amma ba a ɗaukar fatawa daga ƙafarsa. Na uku, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta adalci har ga wanda ake ƙi, don haka ɗan wasa Kirista da ya durƙusa ya yi addu'arsa bai cancanci izgilinmu ba.

Matashin Kangire da ke kwaikwayon sujadar Salah a filin firamare ya riga ya so alamar. Aikin da ya rage wa malamai da ɗalibai shi ne su kai shi ga ma'anarta, don kada a kira Magariba yana zaune gaban talabijin yana jiran sujadar wani. Allah ne mafi sani.