Karatun Likita: Yadda nau'in karatun ɗalibi ke shafar darajar makinsa

A Kontagora ta Jihar Neja, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai matasa da dama da ke haɗa karatu da neman abin kai: wani yana koyarwa a firamare, wani yana tsaron shago, wata tana aiki a ƙaramin asibiti, duk suna halartar darasi a ƙarshen mako ko lokacin dogon hutu. Daga cikinsu akwai masu burin zama likita, waɗanda ke ganin idan suka tara maki mai yawa a irin wannan karatu, ƙofa za ta buɗe musu. Sai dai a tsarin Najeriya, ba yawan maki kaɗai ake dubawa ba, ana duba hanyar da aka bi aka same shi.

Karatun likita, wanda ake kammalawa da digirin MBBS, na cikakken lokaci ne kawai. Babu shi a tsarin ƙarshen mako, babu a na dogon hutu, haka kuma Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, ba ta bayar da shi. Shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar UTME, biyar ga wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu. Bayan haka akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa.

Hukumomi uku ne ke riƙe da ragamar lamarin. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga da fitar da takardar ba da gurbi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke shimfiɗa ƙa'idojin kwasa-kwasai da lissafin maki. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, MDCN, ita ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Wannan ƙayyadewa ce tushen tsananin gasar, domin masu nema sun ninka guraben sau da yawa.

Yadda ake lissafin makin

Galibin jami'o'in ƙasar nan suna amfani da ma'auni mai maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, mai daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, mai daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, mai daraja 3. A haka har zuwa F, wanda ba shi da komai. Kowane kwas kuma yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Ana ninka darajar da ɗalibi ya samu da nauyin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ya yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makin zango. Idan aka haɗa zanguna duka, shi ne abin da ɗalibai ke kira CGPA.

Ƙa'idar NUC ita ce ɗalibin cikakken lokaci ya yi rajistar yunit 15 aƙalla a zango, kada kuma ya wuce 24. Ma'ana, ba shi da damar ɗaukar kwas biyu ko uku ya mayar da hankali a kansu, ya bar masu wuya sai wani lokaci.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta yi rajistar yunit 18. Ta sami A a ilimin halittu mai yunit 4, B a kimiyyar sinadarai mai yunit 4, C a fiziks mai yunit 4, B a lissafi mai yunit 3, sannan A a wasu ƙananan kwasa-kwasai biyu masu yunit 3 a haɗe. Jimillarta 75, idan aka raba da 18 sai a sami 4.17. Da a ce fiziks ɗin faɗuwa ta yi, jimillar za ta koma 63, makin ya sauko zuwa 3.50. Kwas ɗaya tak ya kwashe kusan kashi biyu cikin uku na maki guda, kuma sifirin ba ya gogewa daga lissafi ko da ta sake kwas ɗin ta ci.

Mai karatun ƙarshen mako, da wannan lissafin ake auna shi, amma nauyin da ke kansa a zango ya fi sauƙi, shekarunsa kuma sun fi yawa. Wannan ba ya nufin karatunsa wasa ne. Wanda ya wuni a wurin aiki sannan ya buɗe littafi da dare ya san abin da ya sha. Abin da masu tantancewa ke son gani dai shi ne shaidar cewa ɗalibi zai iya ɗaukar kaya masu nauyi a lokaci guda, domin abin da ke jiransa ke nan.

Ba Najeriya kaɗai ke da wannan tunani ba. A Kanada, inda galibi sai an yi karatun digiri ake neman gurbin likita, wasu jami'o'in lardin Ontario sun daɗe suna lissafa makin shekarun da ɗalibi ya ɗauki cikakken nauyin kwasa-kwasai kaɗai, su ajiye sauran a gefe komai kyansu.

Hanyoyin shiga

Mai shiga ta UTME yana rubuta Turanci da ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, a kan maki 400. Ana kuma buƙatar kiredit biyar, waɗannan huɗu da lissafi, a jarrabawar WAEC ko ta NECO, wadda hedikwatarta ke Minna. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar sakamakon zama biyu a fannin likita, don haka wanda ya gyara darasi ɗaya a jarrabawar masu zaman kansu ya haɗa da tsohon sakamakonsa, yana iya rasa gurbi duk da kyan makinsa na UTME.

A jami'o'in tarayya, ana raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka baro a baya a ilimin boko, kuma Neja tana cikinsu. Wannan dama ce ga ɗan Kontagora mai neman Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko ta Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ta Bayero da ke Kano. Amma rabon yana aiki ne tsakanin waɗanda suka cika sharuɗɗa, ba ya ɗauke wa kowa sharaɗi.

Shiga kai tsaye ita ce inda nau'in karatu ya fi tasiri. Hanyar da aka fi bi ita ce shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko JUPEB. Kowannensu karatun kusan shekara guda ne na kullum, makin ƙoli 16, kuma fannin likita na neman wanda ya kusanci ƙolin. Hanya ta biyu ita ce digirin farko a fanni mai alaƙa da lafiya ko kimiyya, yawanci mai daraja ta ɗaya, wato CGPA 4.50 zuwa sama, ko ta biyu babba, daga 3.50 zuwa 4.49. Takardar gurbin da JAMB ta bayar tana nuna ko karatun na cikakken lokaci ne ko a'a, kuma wannan shaida tana bin ɗalibi. Ita ce ma ke sa hukumar NYSC ba ta tura waɗanda suka yi digirin ƙarshen mako bautar ƙasa, sai dai ta ba su takardar cirewa. Kowace jami'a ke fayyace irin digirin da take karɓa a kundin JAMB na shekarar, kuma ya kamata a karanta shi tun kafin a fara digirin, ba bayan an gama ba.

Ga Kontagora akwai ƙarin bayani. Babbar makarantar garin, wadda ta daɗe a matsayin Kwalejin Ilimi ta Tarayya kafin a ɗaga ta zuwa Jami'ar Ilimi ta Tarayya, aikinta horar da malamai ne. Takardar NCE tana kai mai ita aji biyu a fannonin koyarwa, amma galibin makarantun likita ba sa lissafa ta, ko da a kimiyya aka yi ta da kyakkyawan sakamako. Mai NCE da ke son likita, mafi yawan lokuta UTME ko IJMB ce hanyarsa.

Bayan an sami gurbin

Iyaye da dama kan ɗauka an gama da zarar sunan ɗansu ya fito. Shekarar farko kuwa ta kimiyyar share fage ce, kuma a jami'o'i da yawa sai ɗalibi ya kai wani matakin CGPA, bai faɗi ko ɗaya daga manyan kwasa-kwasan ba, sannan ya haye aji biyu na likita. Wanda ya gaza, akan mayar da shi wani sashen. Ɗalibin da ya riƙe aikinsa a gida yana zirga-zirga tsakanin Kontagora da Zariya ko Sakkwato, a wannan shekara ya fi shiga haɗari, domin rashin halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kan hana zama jarrabawa a jami'o'i da yawa, kwas ɗin kuma ya shiga lissafi a matsayin faɗuwa.

Daga aji biyu zuwa sama, bisa al'adar makarantun likita, jarrabawar ƙwarewa ce ke yanke hukunci, inda makin ci yake 50 cikin ɗari a kowane darasi. Wanda ya faɗi yakan sami damar sake zama; idan ya kuma faɗuwa ya maimaita aji, ko a sallame shi daga fannin. Digirin MBBS ba a raba shi daraja ta ɗaya ko ta biyu kamar sauran, sai dai a rubuta wa ɗalibi yabon fice a darasin da ya yi zarra.